Tawul a Maƙogwaron Bututu

Da hantsi aka fito da Baba Mai Wuta daga ɗakin tukunya na gidan wankin Hajiya, mutum biyu riƙe da shi, ƙafafunsa na jan ƙasa. Bai ƙone ba. Ko ƙwarzane babu a jikinsa. Kamar barci ne ya ɗauke shi a kan kujera, sai dai irin barcin da kira ba ya tashin mai shi.

Kafin motar asibiti ta sha kwana, unguwa ta gama shari'a. Jiya aka cire tsohon murhun baƙin mai daga ƙarƙashin tukunyar tururi, aka sa na gas. Yau tsoho ya faɗi. Wanda ya sa murhun kuma kowa ya san shi: yayana ne.

Masu kashe gobara suka hau rufi, suka zaro tawul daga cikin bututun hayaƙi. Ganin tawul ɗin nan ya ishi kowa.

"Ya manta tsummansa a ciki," in ji mai kanti.

"Dama na ce abin da ba ya hayaƙi ba abin yarda ba ne," in ji wata.

Ina tsaye a bayansu. Da suka juyo suka gan ni, sai kowa ya tuna yana da aiki.

Ni ne autan gidanmu. Na gama sakandare, ban samu abin yi ba. Abu ɗaya na iya, shi ma ba a makaranta na koya ba: bin sawu. In akuya ta ɓace, ko an janye babur daga ƙofar gida, ni ake nema. Ido-a-ƙasa suke ce mini. Ba yabo ba ne.

Da azahar 'yan sanda suka tafi da Yaya. Inna ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ta ce, "Ka nemo akuyar kowa. To ga ta gida."

*

Saje ya san ni, na sha nuna masa hanya. Ya bar ni na tsaya a bakin ƙarfen ɗakin da aka kulle Yaya.

"Yaya, ka bar tsumma a ciki?"

"Kai ma?"

"Tambaya ce."

Ya shafa fuska. "Tsumma ina cusa shi ta ƙasa, a wuyan tukunya, don kada kunkunniya ta zubo ciki in ana shara. Na share tsohon bututun tas. Na zura sabo na ƙarfe a cikinsa, don hayaƙin gas yana da danshi, yakan cinye bulo. Na huda bango ta ƙasa, na sa raga, don wuta ta sha iska. Na cire tsummana da hannun nan. Sannan na kunna takarda a bakin bututu, hayaƙin ya miƙe sama kamar ana jan sa da igiya. Wutar shuɗiya, ko ɗigon rawaya babu."

"Wa ya gani?"

"Baba."

Baba yana asibiti, bai san inda kansa yake ba.

"Ƙararrawar da na maƙala a bango ta yi kuka?" ya tambaya.

"Ta yi. Ita Amarya, mai yi wa Hajiya wanki, ta ji daga tsakar gida."

"To, alhamdu lillahi. Dariya suka yi mini da na kawo ta."

Saje ya ja ni gefe. "Ka ji ni da kyau. In tsohon ya tashi, sakaci ne. In bai tashi ba, sunan abin zai canja, kuma ya fi ƙarfina."

"A nuna mini tawul ɗin."

Ya zaro shi daga leda, ya shimfiɗa a kan tebur. Tsohon tawul ne fari, irin wanda Hajiya ke zubarwa a kwandon tsumma, kowa ya ɗiba. Zafi ya gasa shi, amma ba ko'ina ba. Wani gida baƙi, wani ruwan ƙasa, wani kusan fari, duk a jere kamar an ja layi. Kusurwa ɗaya kuwa fara tas.

"Ta sama aka zaro shi," na ce. "Yaya ta ƙasa yake cusawa."

"Zafi ya tura shi sama. Haka masu kashe gobara suka ce zai yiwu."

Ban yi musu ba. Na bi layukan da yatsa, na mai da tawul ɗin yadda yake kafin a ware shi. Ya kwanta da kansa. Farar kusurwar ta shige ciki, kamar kunnen da aka lanƙwasa.

Na ware shi kafin Saje ya juyo.

*

Rufin gidan wankin siminti ne, shimfiɗaɗɗe. Sharar da Yaya ya yi jiya ta bar kunkunniya a kewayen bututun, sirara kamar an barbaɗa. Ƙasa mai kyau ga irina.

Masu kashe gobara sun tattake gefe ɗaya da manyan takalmansu. Na bar wannan. A ɗaya gefen ga takalmin Yaya, na san dunduniyar hagu da ta cinye. A kansa, wato bayansa, ga sawun ƙafa ba takalmi, ya zo daga katangar maƙwabta ya koma.

Ga kuma wani abu da ba sawu ba ne. Dab da gindin bututun, kunkunniyar ta danne a fili mai kusurwa huɗu, gefunansa a miƙe. Cikinsa lotsawa biyu marasa zurfi. Wani ya shimfiɗa abu kafin ya durƙusa.

Na daɗe ina kallon wurin. Mutum zai yi mugunta, amma yana tsoron ɓata wando.

Bayan katangar akwai akurkin tantabaru. Mai su yana zaune a kan bokiti, ƙafa ba takalmi, yana hararata.

"Kawu, ka hau rufin Hajiya."

"Rufin ubanka ne?"

"A'a. Amma yayana ne a kulle."

Ya tofar da yawu gefe. "Na hau. Shekara da shekaru hayaƙin matar nan yana kashe mini 'ya'yan tantabara. Na yi magana har bakina ya gaji. Jiya aka ce an kawo wutar da ba ta hayaƙi. Da sassafe na haura in gani da idona."

"Me ka gani?"

"Ban ga komai ba. Na ce, to, gaskiya suka faɗa."

"Ka taɓa bututun?"

"In taɓa in yi me? Ranar da hayaƙi ya ƙare ita ce ranar da zan toshe shi? Kai aka ce ka yi makaranta."

Na duba sawunsa. Ya tsaya nesa da bututun da kusan tsawon mutum, ya juya. Na duba wandonsa. Kashin tantabara har gwiwa. Wannan ba zai shimfiɗa wa gwiwarsa komai ba.

"Ka ga wani a sama?"

"Na ji tsani ya motsa tun ina ba su hatsi. Ban leƙa ba. Ni ba ɗan sanda ba ne. Ka tambayi mai baƙin mai. Jiya da yamma ya tsaya a ƙofa yana rantse-rantse."

*

Na samu mai baƙin mai a bayan motarsa yana naɗe tiyo. Ƙato ne, rigarsa ta sha mai har ba a gane launinta.

"Ka ce sai Hajiya ta yi nadama," na ce.

"Na ce. Yau ma zan maimaita. Tun mijinta na da rai nake kawo musu mai. Ko sallama ba a yi mini ba, sai gani na yi ana fito da murhun kamar gawa."

"Da safe kana ina?"

"A layin ɗaukar kaya, tun kafin gari ya waye. Ka je ka tambaya, direbobi sun fi ashirin." Ya buga cikinsa. "Ka dube ni da kyau. Tsanin Hajiya na katako ne. In na taka shi, da yanzu gado biyu ake nema a asibiti."

Na dube shi. Na tuna tsanin. Gaskiyarsa.

Duk abin da ya taɓa sai ya bar shaida: ƙofar mota, tiyo, har kofin da ya sha ruwa. A tawul ɗin babu ɗigon mai.

"Baba ya farka?" ya tambaya da na juya.

"Tukuna."

"Allah ya tashe shi. Shi kaɗai ne a gidan nan yake ba ni kujera."

*

Gidan wankin shiru. Tukunya a kashe, an ɗaure ƙofar ɗakinta da igiya. Amarya ce kaɗai a tsakar gida tana kwashe shanya. 'Ya'yanta biyar, babbar ta kusa gama makaranta, amma sunan bai sake ta ba.

"Auta, ka ci abinci kuwa? Ka rame kamar tsinken shanya."

"Yaya aka yi da safe?"

"Yadda aka saba. Baba ya shiga ya kunna, ya ja ƙofa. Ni ina nan wajen famfo. Dogo yana ɗakin guga. Can sai na ji abin nan na yayanka yana tsuwa. Na ce Baba zai kashe shi. Ya ƙi yin shiru. Sai na tuna kunnen Baba ya yi nauyi. Ina buɗe ƙofa kaina ya sara. Babu hayaƙi, babu komai, ɗaki fes. Shi kuma ga shi nan a kujera, haɓa a ƙirji."

"Wa ke fara zuwa da safe?"

"Kowa da makullinsa. Ni ce ta ƙarshe kullum, sai na sallami yara."

"Akwai mai jin haushin Baba?"

Ta ajiye kwandon. "Baba? Sai dai mai jin tausayinsa. Ana ta raɗe-raɗin wai in sabon murhun ya yi kyau, Hajiya za ta sallame shi, tunda ba sauran hura wuta. Dogo ko abinci bai ci ba jiya. Ka san Baba ne ya riƙe shi tun yana maraya, shi ya kawo shi gidan nan." Ta rage murya. "Yau ma duk a birkice yake. Rigar mutane ya ƙona da dutsen guga. Dogo fa. Tun da nake ban taɓa gani ba."

"Bayan an fito da Baba?"

Ta yi tunani. "A'a. Kafin."

Dogo yana ɗakin guga, zaune a kan benci, hannuwa tsakanin gwiwoyi. Fararen kaya ne a jikinsa kamar kullum, karin wandon kamar wuƙa. Idanunsa sun yi ja.

"Sannu, Dogo. Ya mai jiki?"

"Sun ce in dawo da yamma." Bai ɗago ba. "Yayanka bai kyauta ba."

"Haka ake cewa."

Teburin gugarsa yana fuskantar taga. Na tsaya a inda yake tsayawa. Ta tagar, ƙofar ɗakin tukunya ake gani, ba komai ba.

A jikin bango akwai kantoci cike da kayan da aka gama. Na bi su da ido, ban taɓa ba. Na fita.

Na fi son mai baƙin mai ya zama shi ne.

*

Da la'asar Saje ya tara su a ɗakin guga, don na roƙe shi: Hajiya, Amarya, Dogo, mai tantabaru, mai baƙin mai. Na sauko da hular bututun daga rufi, tsohuwar da Yaya ya cire, baƙa ƙirin.

"Kowa ya riƙe ta, ya duba, ya miƙa wa na kusa," na ce. "Ko wani zai ga abin da ban gani ba."

"Wasan yara," in ji mai tantabaru. Amma ya karɓa.

Ta zagaya. Ba wanda ya ga komai, don babu abin gani. Hannun kowa ya yi baƙi. Na ɗebo tawul daga kwandon tsumma, na miƙa wa kowa ɗaya. Sannan na juya ga Saje, na shiga ba shi labarin rufi, a hankali, ina ja. Sawun Yaya. Sawun mai tantabaru da inda ya tsaya. Wurin da aka shimfiɗa abu aka durƙusa.

Suna saurare, hannuwansu na aikinsu.

Mai baƙin mai ya goge, ya saɓa tawul a kafaɗa. Mai tantabaru ya dunƙule nasa ya jefar ƙarƙashin benci. Hajiya ta miƙa wa Amarya nata. Amarya ta ninke biyun gida huɗu, ta ajiye a gefe.

Dogo idonsa na kaina. Hannunsa ya shimfiɗa tawul a kan cinya, ya ninka uku a tsaye, ya bi karin da farce, ya ninka biyu a kwance. Ya lanƙwasa kusurwar ƙarshe, ya tura ta ciki.

"Hajiya," na ce, "in mai kaya ya dawo da ƙorafi, ta yaya kike gane wanda za ki yi wa faɗa?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Ninki mana. Kowa da nasa, tun zamanin maigidan. Amarya gida huɗu take yi. Dogo kuwa nasa mai kunne ne, ko a duhu na..."

Ba ta ƙarasa ba.

Saje ya zaro gasasshen tawul daga leda. Na mai da shi bisa layukan da zafi ya zana. Uku a tsaye, biyu a kwance. Farar kusurwar ta shige mazauninta. Na ajiye shi a kan tebur, na ɗauko na cinyar Dogo na ajiye kusa da shi. Ɗaya baƙi, ɗaya fari. Kamar uwa ɗaya ta haife su.

"Yayana ko rigarsa bai iya ninkewa ba," na ce. "Ku tambayi Inna."

Ba wanda ya yi dariya.

Dogo ya kalli hannuwansa kamar na wani ne. Da ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa take.

"Hayaƙi nake jira."

"Me ka ce?" in ji Saje.

"Da can in bututu ya toshe, ɗaki cika yake da baƙin hayaƙi. Kafin ka ƙirga goma kowa ya fito yana tari. Baba ya fito yana zagi, a buɗe tagogi, a yi dariya. Sau nawa aka yi haka a gidan nan? Amarya, faɗa musu."

Amarya ta rufe baki da mayafi.

"Na ce in haka ta faru ranar farko, Hajiya za ta ce sabon abin bai da kyau, a mai da tsohon. Baba ya ci gaba da aikinsa. Ina guga ina kallon ƙofar. Ina jira in ga hayaƙi ta ƙasanta, in ruga in buɗe. Ban ga komai ba. Sai na ce tawul ɗin ya faɗa, bai toshe ba. Har daɗi na ji. Na ce Allah ya raba ni da abin kunya."

"Wannan wutar ba ta gargaɗi da hayaƙi," na ce. "Shi ya sa aka kawo ƙararrawa."

"Ban sani ba."

"Da aka tafi da Yaya fa? Nan ma ba ka sani ba?"

Ya yi shiru. Wannan shirun ne ban yafe ba.

Hajiya ta zauna a kan benci kamar an yanke mata igiya. "Wa ya ce zan sallame shi?"

Ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya.

"Ina tambaya. Wa ya ce? Jiya yaron can da kuka sa aka kulle ya zaunar da ni. Ya ce tukunya ba a barin ta ita kaɗai, ko da gas ko da me. Sai da mai duba launin wuta, mai sanin kukanta. Ya ce kaf gidan nan Baba ne kawai. Na ce to. Na bari sai an kwana biyu in faɗa masa, in ga fuskarsa." Ta juya ga Dogo. "Da ka tambaye ni, ɗan nan. Baki gare ka."

Mai tantabaru ya tashi ya fita. Mai baƙin mai ya sauke tawul daga kafaɗa, ya rasa inda zai ajiye.

Saje ya taɓa kafaɗar Dogo. Dogo ya miƙe.

"A biya da ni asibiti," ya ce. "In ya farka, ni zan faɗa masa. Kada ya ji a bakin wani."

Saje ya dube ni. Na kau da kai.

*

Baba ya buɗe ido washegari. An ce abin da ya fara tambaya shi ne ko an kashe tukunya. Abin da suka yi da Dogo a ɗakin, ban tambaya ba.

Da aka saki Yaya bai wuce gida ba. Ya ce in riƙe masa tsani. Ya hau, ya zura fitila cikin bututun, ya duba har ƙasa. Ya ɗora sabuwar hula mai raga, ya ɗaure ta da ƙusoshin da hannu kawai ba ya kwancewa. Ya sauko ya kunna takarda a wuyan tukunya, ya kira Hajiya da Amarya.

"Ku zo ku gani. Wannan karon ina son shaidu."

Hayaƙin ya miƙe sama. Ya kunna murhu. Shuɗiya.

Mai kanti ya ɗaga mana hannu a hanya, yana cewa dama shi bai taɓa yarda ba. Yaya ya amsa. Ni ban amsa ba.

A gida Inna ta zuba masa ruwa ya wanke fuska, ta miƙa masa tawul ɗin da ta ninke da safe. Ya goge, ya cukuikuye shi, ya wurga kan kujera, ya faɗo ƙasa.

Inna ta buɗe baki, yadda take yi tun muna yara.

Sai ta rufe. Ta bar shi a inda ya faɗi.